CUTAR GIREBS: HANYOYIN MAGANINTA DA MA'ANAR "WARKEWA" TSAKANIN LIKITA DA MAJINYACI

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wata cuta da likitoci ke kira cutar Girebs, wadda ke sa tsokar tayirod da ke wuyan ɗan'adam ta riƙa aiki fiye da kima. Za a duba asalin cutar da alamominta da hanyoyi uku da ake bi wajen maganinta, sannan a zo kan tambayar da kowane majinyaci ke yi, wato shin ana warkewa?

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen likitanci? Dalili shi ne, a unguwarmu ta Shehuri da ke kewaye da fadar Shehun Borno, majinyaci yakan faɗi ciwonsa da Barbarci a gida, ya maimaita shi da Hausa a asibiti, likita kuma ya rubuta da Turanci. A tsakanin waɗannan harsuna uku ma'ana takan zube a hanya. Mu da muke nazarin harshe, mu ne gobe za a kira mu yi tafinta, ko mu fassara takardun wayar da kai, ko mu gabatar da shirin lafiya a gidan rediyo. Don haka sanin abin da kalma ke ɗauke da shi a irin wannan fage wajibi ne a kanmu.

2.0 Tsokar Tayirod da Aikinta

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai laushi da ke gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. Siffarta kamar ta malam-buɗe-littafi ce, fiffike ɗaya a dama ɗaya a hagu, nauyinta kuma a jikin baligi kimanin giram 20 ne. Aikinta shi ne ta ɗebi sinadarin aidin daga abincin da muka ci ta haɗa wasu sinadarai biyu da ake kira T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Su ne ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, har da motsin hanji.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke aiko mata da umarni ta wani sinadari mai suna TSH. Idan T4 ya yi ƙaranci a jini sai TSH ya ƙaru, idan ya yi yawa sai TSH ya ragu. Da haka ne jiki ke zama daidai wa daida.

A cutar Girebs, garkuwar jiki ce ke yin kuskure. Maimakon sojojin jiki su tsaya kan ƙwayoyin cuta, sai wasu daga cikinsu su je su maƙale a daidai wurin da TSH ke sauka a jikin tayirod, su riƙa ba ta umarnin ƙarya ba dare ba rana. Ƙwaƙwalwa takan janye nata umarnin gaba ɗaya, amma a banza, domin tayirod ta riga ta sami wani maigida. Abin lura a nan shi ne, tushen matsalar a garkuwar jiki yake, tayirod bin umarni kawai take yi. Wannan batu zai yi mana amfani a gaba.

Cutar ta samo sunanta ne daga wani likita ɗan ƙasar Ayaland mai suna Robat Girebs, wanda ya yi bayaninta a 1835. Wani likitan Jamus, Kal fon Basedo, shi ma ya bayyana ta a 1840, shi ya sa a ƙasashen Turai da dama da sunansa ake kiranta. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman 'yan shekara 20 zuwa 50. Gado yana da hannu a ciki, haka nan shan taba, kuma takan taso a watannin da ke bayan haihuwa. Ba a ɗaukarta daga wani, ko ta kwanon abinci ko ta shimfiɗa.

3.0 Ba Kowane Maƙoƙo ne Girebs ba

Hausa tana da kalmar maƙoƙo, wadda ke nufin kumburin gaban wuya. Kalmar tana bayyana abin da ido ya gani ne kawai, ba ta faɗin abin da ya kawo shi. Maƙoƙon da kakanninmu suka fi sani na ƙarancin aidin ne, inda tayirod ke girma don neman abin da babu. Saboda shi ne Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993. Mai cutar Girebs kuwa, yawan aikin da tayirod ke yi ne ya kumbura ta, wani ma wuyansa ba ya nuna kumburin a zo a gani. Saboda haka wanda ya ba mai Girebs shawarar ya nemi ƙarin aidin, ya ƙara wa wuta makamashi ne. Idan za mu fassara, bai isa mu ce maƙoƙo mu yi shiru ba, sai mu ƙara da cewa "maƙoƙon yawan aikin tayirod".

4.0 Alamomi da Gwaji

Daga cikin alamomin cutar akwai:

(i) faɗuwar gaba da saurin bugun zuciya ko mutum yana zaune;
(ii) rama duk da yawan cin abinci;
(iii) rashin jure zafi da yawan gumi;
(iv) rawar hannu, da rashin barci, da saurin fushi;
(v) yawan zuwa bayan gida, da rikicewar al'ada ga mata;
(vi) fitowar idanu waje da jin kamar akwai yashi a cikinsu, ga wasu majinyatan.

Duk wanda ya san Maiduguri a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa gumi da rashin barci ba abin da za su ba kowa mamaki ba ne. Wannan na daga cikin abin da ke sa cutar ta daɗe a ɓoye. Bugu da ƙari, kalmar faɗuwar gaba a Hausa tana nufin tsoro ko fargaba, don haka mai fama da ita yakan ji ana ce masa ya rage tunani, alhali zuciyarsa ce ke gudu da gaske. Rama kuma takan jawo zargin ciwon suga ko tarin fuka ko wata cutar da ake jin kunyar ambata. Fitowar idanu da saurin fushi su kuma sukan sa a ce iska ce ko sammu.

Gwajin jini ne ke raba gardama. Idan aka ga TSH ya faɗi ƙasa ƙwarai, T4 ko T3 kuma ya hau, to tayirod na aiki fiye da kima. Akwai kuma gwajin da ke nuna su waɗancan sojojin jiki masu umarnin ƙarya, wanda ke tabbatar da cewa Girebs ce. A Maiduguri, babbar cibiyar da akan tura masu irin wannan lalura ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke hanyar Bama, wanda aka ƙaddamar a 1983.

Barin cutar ba magani yana da haɗari. Takan rikita bugun zuciya har zuciyar ta gaza, takan raunana ƙashi, takan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Mafi muni shi ne ta yi tashin farat ɗaya, da zazzaɓi mai tsanani da ruɗewar hankali, wanda ke iya kisa idan ba a hanzarta zuwa asibiti ba.

5.0 Hanyoyin Magani

Hanyoyi uku ne likitoci ke bi. Kafin su kankama akan ba majinyaci wani magani kamar furofaranolol domin ya sassauta bugun zuciya da rawar hannu. Shi wannan alamomi kawai yake kwantarwa, ba ya taɓa tayirod, kuma bai dace da mai ciwon asma ba.

5.1 Ƙwayoyin Rage Aikin Tayirod

An fara amfani da irin waɗannan ƙwayoyi ne a Amurka a 1943. Wanda aka fi bayarwa a Nijeriya da Ingila shi ne kabimazol, a Amurka kuwa ɗan'uwansa metimazol. Akwai kuma PTU, wanda aka fi zaɓa wa mace a watanni ukun farko na ciki. Aikinsu shi ne hana tayirod haɗa sababbin sinadarai. Da yake akwai waɗanda ta riga ta tara, sai an yi mako 4 zuwa 8 kafin jiki ya daidaita. Akan ci gaba da sha na tsawon wata 12 zuwa 18, ana gwajin jini lokaci-lokaci ana rage yawan maganin.

Bayan an kammala, kimanin rabin majinyata cutar takan kwanta musu, sauran rabin kuma takan dawo, galibi a cikin shekarar farko ko ta biyu. Masu babban maƙoƙo da masu shan taba da waɗanda sojojin nan ba su ragu a jininsu ba, su suka fi fuskantar dawowarta. A yanzu likitoci da dama sun yarda a bar wasu majinyata a kan ɗan ƙaramin adadi na maganin har tsawon shekaru, idan yana karɓarsu.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata kowane tafinta ya haddace. A wasu mutane ƙalilan, waɗanda ba su kai 1 cikin 100 ba, maganin yakan karya fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta. Alamar ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. A wurinmu da zarar an ji zazzaɓi sai a ce na cizon sauro ne, a aika yaro kyamis. Ga mai shan kabimazol ko PTU, ƙa'ida ita ce ya dakatar da maganin, ya je a gwada jininsa a ranar. Haka nan idan idanu suka yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, domin hanta ce ke kuka.

5.2 Aidin Mai Tururin Nukiliya

Wani likita mai suna Sol Hats ne ya fara wannan magani a birnin Boston na Amurka a 1941. Hikimar ita ce, tayirod ce ta fi kowace gaɓa zuƙar aidin. Don haka idan majinyaci ya haɗiyi ƙwaya ko ruwan aidin mai tururi, sai ya taru a can ya ƙone tsokar a hankali cikin watanni, ba yanka ba jini. Ƙarfin tururin yana raguwa da rabi duk bayan kwana 8. Mafi yawan mutane sha ɗaya ke isarsu.

Sai dai ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma ana son mace ta jinkirta ɗaukar ciki na aƙalla wata 6. Na wasu kwanaki majinyaci zai nisanci rungumar yara da kwana kusa da su, abin da ke da wuya a gidajenmu na gandu. Yana kuma iya tsananta ciwon idanun, musamman ga mashaya taba. Ga mutumin Shehuri akwai ƙarin matsalar nisa. Sanannun cibiyoyin wannan magani a Nijeriya su ne na Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe sashensa a 2006, da na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, mai nisan fiye da kilomita 800 daga Maiduguri. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na ɗan rakiya.

5.3 Tiyata

Hanya ta uku ita ce a cire tayirod gaba ɗaya ko mafi yawanta. A da aiki ne mai yawan kisa, har sai da likitan Suwizalan, Tiyodo Koha, ya kyautata shi, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1909. An fi zaɓar tiyata ga mai babban maƙoƙo da ke danne numfashi ko haɗiya, ko wanda ake zargin akwai daji a ƙullutun wuyansa, ko mai tsananin ciwon ido, ko macen da ke son haihuwa nan kusa. Dole sai an fara daidaita jini da ƙwayoyi kafin a shiga ɗakin tiyata. Haɗarinta biyu ne fitattu. Akwai jijiyar murya da ke bi ta bayan tayirod, wadda idan ta taɓu murya takan dushe. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan halittu huɗu masu kula da sinadarin ƙashi a jini, waɗanda idan suka raunana mutum yakan ji baki da yatsu suna masa zuga. A hannun ƙwararren likita, da wuya waɗannan su zama na dindindin.

6.0 Shin Ana Warkewa?

A nan ne ilimin harshe ya shigo. Mu dubi waɗannan jimloli:

(a) Ciwon yana da magani.
(b) Ta sami sauƙi.
(c) Ciwon ya lafa.
(d) Ta warke.

A jimla ta (a), kalmar magani tana da fuska biyu. Tana nufin abin da ake sha, tana kuma nufin abin da ke kawo ƙarshen matsala, kamar a karin maganar da ke cewa haƙuri maganin zaman duniya. Likita yakan yi nufin ta farko, majinyaci ya ji ta biyu. Jimla ta (b) ita ma tana da tarko, domin a al'adance duk wanda aka ce wa "ya jiki?" amsarsa "da sauƙi" ce, ko da kuwa yana kwance rai a hannun Allah. Jimla ta (c) ta fi dacewa da abin da ƙwayoyi ke yi. Aikatau lafa da wuta da ƙura da rikici ake amfani da shi, abubuwan da duk suna iya sake tashi. Ita kuwa (d), kamar yadda muka koya a darasin ajin aikatau na Fasins, warke ɗan aji na huɗu ne, ajin da ke nuna aiki ya kammala ƙurmus, kamar ƙone da cinye da shanye. Wanda aka ce wa ya warke, ya ji cewa shi da asibiti sai dai gaisuwa.

Na ga tasirin wannan a kan wata 'yar'uwata a Shehuri. Bayan haihuwarta ta rame, hannunta na rawa har shayi na zuba, aka yi ta maganin zazzaɓi da taifot kafin gwajin jini ya nuna Girebs ce. Wata biyu da fara kabimazol ta murmure. Da aka auna ta aka ce jininta ya yi kyau, ɗan rakiyarta ya juya mata zancen da cewa ta warke. Ta ajiye magani, ta daina zuwa asibiti. Ba a yi wata uku ba ciwon ya dawo, har bugun zuciya ya kwantar da ita. Sai da aka koma farko ta cika wata 18. Babu wanda ya yi mata ƙarya da gangan, aikatau ɗaya ne aka sa a gurbin wani.

To mece ce amsar tambayar? Ta danganta da abin da ake nufi. Idan ana nufin a tsayar da yawan aikin tayirod har abada, wannan yana yiwuwa, domin tiyata da aidin mai tururi suna yin haka. Amma wanda aka cire wa tayirod, da mafi yawan waɗanda aka ƙone musu ita, za su koma masu ƙarancin sinadarin, su riƙa shan ƙwaya ɗaya ta lebotayirosin kullum har ƙarshen rayuwa, da ruwa zalla, aƙalla rabin awa kafin karin kumallo. An yi musanya ke nan, an ba da ciwo mai wuyar sarrafawa an karɓi mai sauƙin sarrafawa. Idan kuwa ana nufin a gyara kuskuren garkuwar jiki daga tushe, to har yanzu babu maganin da ke ba da tabbacin haka. Shi ya sa ciwon ido kan iya tasowa ko bayan an cire tayirod. Shi ya sa kuma macen da aka yi wa tiyata ko aka ba aidin tun da daɗewa take bukatar ta sanar da likita idan ta sami ciki, domin sojojin nan na iya ratsa mahaifa su taɓa tayirod ɗin jariri.

Zaɓi tsakanin hanyoyin uku ba na likita kaɗai ba ne, har da halin da majinyaci ke ciki. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ta mamaye Shehuri da Gwange da Kasuwar Monde, ta shiga har asibitin koyarwa. Irin wannan rana tana tuna mana cewa mai dogaro da ƙwayar kullum yana bukatar ajiyar 'yan makonni, da sunan maganinsa da adadinsa a rubuce a wurin da ruwa ba zai ci ba.

Duk da haka cuta ba mutuwa ba ce. 'Yar tseren Amurka, Gel Dibas, an gano tana da Girebs a 1990, aka yi mata maganin aidin mai tururi, ta zo ta ci zinare a tseren mita 100 na gasar Olamfik a Basalona a 1992, ta sake ci a Atlanta a 1996. Shugaban Amurka Joj Bush babba shi ma yana kan mulki aka gano tasa a 1991.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa cutar Girebs daga garkuwar jiki take tasowa, gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma ana maganinta da ƙwayoyi ko aidin mai tururi ko tiyata. Ƙwayoyi suna sa ta lafa, kimanin rabin masu sha kuma ba ta dawo musu. Sauran hanyoyin biyu suna kashe yawan aikin tayirod, amma galibi suna barin mutum da ƙwayar kullum.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan aka sa mu tafinta ga mai wannan lalura, mu riƙe kalmar warke sai likita ya bayyana abin da yake nufi da ita. Mu ce "ciwon ya lafa, amma a ci gaba da magani", ko "jini ya daidaita, a dawo gwaji ranar kaza". Idan majinyaci ya ce "da sauƙi", mu ƙara tambayarsa barci da bugun zuciya da cin abinci. Haka kuma akwai bukatar sashenmu ya haɗa kai da ɗaliban likitanci a tattara kalmomin cututtukan wuya da na jini a Hausa da Barbarci, a daidaita su, domin amfanin asibitoci da gidajen rediyo. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.